Fuskar Gizo a kwamfuta: Abin da ke wahalar da masu zanen halittun tatsuniya

Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya san Gizo da matarsa Ƙoƙi, ya kuma san Dodo. Amma da za a tara mutum goma a ce kowa ya siffanta Gizo, da wuya bakin biyu ya zo ɗaya. Wani zai ce gizo-gizo ne mai ƙafa takwas, wani ya ce siririn mutum ne mai tsamin baki da wayon tsiya. Tatsuniya takan bar mai sauraro ya ƙera surar a zuciyarsa. Kwamfuta kuwa sai an faɗa mata tsawon hanci da launin fata da yawan gashi kafin ta fitar da komai.

Wannan ne cikas na farko ga matashin Jimeta ko Yola da ya ƙware a tsara katin biki da fastar 'yan siyasa, yake kuma son ya koma zanen halittun almara masu tsawo da faɗi da kauri, wato abin da ake kira 3D.

Aikin yana bin matakai. Mai zane zai fara gina gangar jiki da dubban ƙananan kusurwoyi, kamar yadda magini ke mulmula yumɓu. Sai ya shimfiɗa mata fata da launi, ya dasa mata ƙasusuwa da gaɓoɓi na lissafi domin ta motsa, ya saita fitilu. Daga ƙarshe kwamfuta ta lissafa yadda haske ke sauka a kowane ɗigo na hoton. Manhajar Blender, wadda aka sake ta kyauta ga kowa tun 2002, tana yin duka wannan, don haka kuɗin manhaja ya daina zama uzuri.

Sai dai kayan da ake samu a shirye a intanet, irin su jiki da tufafi da gashi da makamai, yawancinsu an ƙera su ne domin almarar Turai da Asiya. Sulken ƙarfe da dogon gashi mai santsi suna nan birjik. Wanda ke son babbar riga mai aska takwas, ko rawani mai kunne biyu, ko malfar Bafulatani da sandarsa, sau da yawa sai ya ƙera da hannunsa. Babbar riga ma tana da nata rikicin: yadi ne mai yalwa da ke naɗewa a kafaɗa, kuma da an kuskure lissafi sai a ga hannu ya huda rigar ya fito.

Fata da gashi sun fi wuya. Farfesa Theodore Kim na Jami'ar Yale a Amurka ya yi bayani a 2020 cewa dabarun da masana suka gina domin kwaikwayon fata da gashin ɗan Adam sun karkata ga farar fata da miƙaƙƙen gashi. Baƙar fata ta fi bayyana ta hanyar sheƙin da haske ke yi a samanta, shi ya sa idan aka haska ta da saitin da aka tanadar wa wata, sai ta fito toka-toka ko ta nutse a duhu. Kitso kuwa, ko shuku ne ko doka, sai an bi shi layi-layi. Dodon da ake kwatantawa da yawan gashi ba ƙaramin nauyi ba ne ga na'ura: dodon fim ɗin Monsters, Inc. na 2001 yana ɗauke da gashi sama da miliyan 2.

A nan ne yanayin Adamawa ke shigowa. Fim yana cin hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato 1,440 a minti ɗaya. Idan kowane hoto ya ɗauki kwamfuta minti 5, minti ɗaya na fim zai ci awa 120, kwana biyar cur na'ura tana aiki dare da rana. A watannin Maris da Afrilu zafin Yola yakan haura digiri 40, kuma kwamfuta idan ta ɗau zafi takan rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Ga ƙurar hunturu da ke toshe fankarta, ga ɗaukewar wuta, ga kuma kayan da ake shigowa da su da dala.

Duk da haka 'yan Najeriya sun nuna abin mai yiwuwa ne. A Disambar 2020 aka fitar da Lady Buckit and the Motley Mopsters, dogon fim ɗin katun da aka yi a gida. A 2024 kamfanin Kugali ya haɗa hannu da Disney suka fitar da Iwájú, wanda ya hasko Legas ta nan gaba. Roye Okupe kuma ya ƙirƙiri jaruma Malika, wadda tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya zaburar da shi a kanta.

Adamawa ba ta rasa abin da za a ɗora irin wannan aiki a kai. Akwai dawakin fadar Lamiɗo da adonsu ranar hawan sallah, akwai kogin Binuwai, akwai gine-ginen dutse na Sukur da ke ƙaramar hukumar Madagali, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Akwai kuma ɗaliban kwamfuta a Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Najeriya.

Abin da ya rage shi ne a tara namu kayan: a ɗauki hotunan ɗinki da kitso da kayan doki, a ƙera su sau ɗaya a ajiye inda kowane mai zane zai ɗauka. Yaran yau a waya suke fara ganin jarumansu, kuma surar da suka fara gani ita ce ke zama a zukatansu. Wanda ya riga zana Gizo da kyau, shi zai yanke wa jikokinmu kamanninsa.