Wasannin Bidiyo Na Finafinan Almara: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

A duk lokacin da wani babban fim na almara ya fito a gidajen silima, irin na mayaƙa da dodanni da matsafa, akan ga kayayyaki masu ɗauke da sunansa sun biyo shi kasuwa, kama daga riguna da littattafai zuwa kayan wasan yara. Ɗaya daga cikin mafiya tsada a cikinsu shi ne wasan bidiyo na yaƙi, wanda ke bai wa mai saye damar riƙe takobin jarumin da ya gani a allo, ya kara da abokan gaba da hannunsa. Tun daga shekarar 2020 manyan kamfanoni suka soma ɗaga farashin sabon wasa daga dalar Amurka 60 zuwa 70, don haka tambayar ko irin waɗannan wasanni sun cancanci kuɗinsu ta zama tambayar da ta shafi aljihun iyaye da matasa kai tsaye.

Tarihin wannan kasuwa na shekaru sama da 40 ya nuna cewa sunan fim bai isa ya zama shaidar inganci ba. Abin da ya fi tasiri shi ne lokacin da aka bai wa masu haɗa wasan, da kuma ko an tilasta musu fitar da shi a ranar da fim ɗin zai fito.

Yadda ake raba kuɗin

Kamfanin da ke son yin wasa da sunan wani fim dole ne ya sayi lasisi daga masu fim ɗin. A al'adar wannan ciniki, yakan biya wani tsayayyen kuɗi tun kafin a soma aiki, sa'an nan ya riƙa ba da kaso daga kowane kwafi da aka sayar. Baya ga wannan, masu na'urorin wasa da manyan shagunan intanet, irin su Sony da Microsoft da Steam, sukan ɗauki kimanin kashi 30 cikin 100 na kuɗin da mai saye ya biya a shagunansu. Amma a kan kanta, farashin wasan da ke da lasisi daidai yake da na wanda ba shi da shi. Ma'ana, daga cikin dala 70 ɗin da aka biya, abin da ya rage don biyan masu zane da masu tsara wasan ya ragu da gwargwadon abin da masu fim suka karɓa.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke amincewa da wannan ragi a bayyane yake. Masu fim sun riga sun kashe maƙudan kuɗi wajen talla, kuma wasan yana cin moriyar wannan talla a kyauta, muddin ya fito a makonnin da jama'a ke zancen fim ɗin. A nan ne matsalar take. Ranar fitar fim ba ta jiran kowa, saboda haka idan aikin wasa bai kammala ba, sai a rage shi ko a fitar da shi da kurakuransa.

Masana tattalin arziki suna da bayani game da halin da mai saye ke samun kansa a ciki. A shekarar 1970 masanin Amurka Phillip Nelson ya rarrabe tsakanin kayan da ake iya tantance ingancinsu kafin a saya, kamar atamfa ko buhun shinkafa, da waɗanda ba a sanin ingancinsu sai an yi amfani da su. Wasan bidiyo yana cikin kashi na biyu. Tun da mai saye ba zai iya gwada kayan ba, sai ya dogara da wata alama, kuma babu alamar da ta fi sunan fim ɗin da yake ƙauna jan hankali. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira cinikin biri a sama.

Darasin kamfanin Atari

Misalin da aka fi ambata shi ne na fim ɗin E.T., wanda Steven Spielberg ya shirya, ya kuma fito a watan Yuni na 1982. Kamfanin Atari, wanda a lokacin mallakar Warner Communications ne, ya sayi lasisinsa a kan kuɗin da aka ƙiyasta tsakanin dala miliyan 20 zuwa miliyan 25. Ba a kammala cinikin ba sai ƙarshen watan Yuli, alhali ana son wasan ya isa shaguna kafin cinikin Kirsimeti. Hakan ya sa mai tsara shi, Howard Scott Warshaw, ya samu makonni biyar da 'yan kwanaki kawai, a zamanin da irin wannan aiki kan ɗauki watanni. An buga kaset kimanin miliyan 4, watau kuɗin lasisi kaɗai ya tashi fiye da dala 5 a kan kowane kaset.

Da farko an yi rububin saye saboda sunan fim ɗin, daga baya kuma aka yi ta mayar da kaset shaguna. Atari ya yi asarar dala miliyan 536 a shekarar 1983, kuma a wannan shekara ya binne ɗimbin kaset na wasanni dabam-dabam, har da na E.T., a wata bola da ke garin Alamogordo na jihar Niyu Meksiko, inda aka tono su a 2014. Ba wannan wasa kaɗai ya durƙusar da kasuwar ba, domin ta riga ta cika da kaya marasa inganci, amma ya zama abin misali game da abin da kan faru idan aka kashe kuɗi a kan suna aka kuma hana aiki lokaci. Sauri ya haifi nawa.

Inda aka dace

Duk da haka, akwai wasannin da suka biyo finafinai suka kuma gamsar da masu saye. Wasan Aladdin na na'urar Sega Mega Drive, wanda ya fito a 1993, shekara guda bayan fim ɗin, ya sayar da kwafi kimanin miliyan 4. Babban sirrinsa shi ne masu zanen kamfanin Disney da kansu suka zana motsin jaruman wasan. Haka nan kamfanin Electronic Arts ya fitar da wasannin yaƙi guda biyu, a 2002 da 2003, bisa finafinan The Lord of the Rings na Peter Jackson, inda aka yi amfani da muryoyin 'yan wasan fim ɗin da kiɗansa da wasu ɓangarorinsa. Masu sharhi sun yaba musu, masu saye kuma suka karɓe su hannu bibbiyu. A waɗannan misalai masu fim sun ba da kayan aiki na gaske tare da sunan, kuma masu haɗa wasan sun tsaya ga salo ɗaya da suka ƙware a kai.

Shi kansa kamfanin Electronic Arts bai tsira daga tarkon gaggawa ba. Daga 2001 zuwa 2011 ya fitar da wasa ga kowane fim na Harry Potter. Wanda ya biyo kashi na farko na Deathly Hallows a watan Nuwamba na 2010 ya sha suka ƙwarai, saboda an mai da labarin matsafa wasan harbe-harbe mai maimaita abu ɗaya.

Yadda kasuwar ta sauya

A yau ba kasafai manyan kamfanoni ke yin wasan da zai fito rana ɗaya da fim ba, kuma dalilin na lissafi ne. Babban wasa yakan ɗauki shekara huɗu zuwa shida ana aikinsa, fiye da lokacin da ake ɗauka wajen shirya yawancin finafinai. Takardun da suka fito a wata shari'a tsakanin hukumar kula da ciniki ta Amurka da kamfanin Microsoft a 2023 sun nuna cewa Sony ya kashe fiye da dala miliyan 200 a kan kowane ɗaya daga cikin manyan wasanninsa biyu. Ba mai zuba irin wannan jari sa'an nan ya ɗaure shi da ranar fitar fim guda.

Sabon salon shi ne a ɗauki duniyar fim ɗin, a gina sabon labari a cikinta, a fitar da wasan idan ya nuna. Kamfanin Warner Bros. ya gwada haka da wasan Shadow of Mordor a 2014, wanda ya yi suna saboda abokan gaba a cikinsa suna tuna karawar da suka yi da mai wasa, su dawo neman fansa. A watan Fabrairu na 2023 kuma ya fitar da Hogwarts Legacy, wanda aka gina labarinsa a ƙarshen ƙarni na 19, kimanin shekara 100 kafin zamanin Harry Potter. Ya sayar da kwafi miliyan 12 cikin makonni biyu, ya kawo dala miliyan 850, ya kuma zama wasan da aka fi saye a Amurka a wannan shekara.

Amma a wannan shekarar ce aka ga ɗaya ɓangaren. A watan Mayu kamfanin Daedalic na ƙasar Jamus ya fitar da wasan Gollum, bisa lasisin littattafan J.R.R. Tolkien, ko da yake yawancin masu saye daga finafinai suka san wannan halitta. Wasan ya fito cike da kurakurai, har kamfanin ya nemi gafarar jama'a, kuma a ƙarshen watan Yuni ya ba da sanarwar daina haɗa wasanni da kansa. Ƙaramin kamfani ne da ya saba da ƙananan wasanni ya ɗauki kayan da suka fi ƙarfinsa, aka kuma sa wa abin da ya yi farashin manyan wasanni. Wannan ya nuna cewa ko ba a ɗaure wasa da ranar fim ba, wajibi ne a duba wanda ya haɗa shi da irin ayyukan da ya yi a baya.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin kwali ba

Akwai wasu abubuwa biyu da mai saye ya kamata ya sa cikin lissafi. Na farko, wasu wasanni sukan ci gaba da neman kuɗi bayan an saye su. Wasan Shadow of War na 2017 ya zo da rufaffun akwatuna waɗanda ake saye da kuɗi na gaske ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Ƙorafin masu saye ya sa aka cire su a watan Yuli na 2018, shekarar da hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ayyana irin waɗannan akwatuna a matsayin caca.

Na biyu, lasisi yana da wa'adi. Da lasisin Electronic Arts ya ƙare ya koma hannun Warner Bros. a 2009, wasanninsa na The Lord of the Rings sun ɓace daga kasuwar sababbin kaya, kuma a ƙarshen 2010 aka rufe hanyar buga The Battle for Middle-earth II ta intanet. Bugu da ƙari, wanda ya sayi wasa ta intanet izinin amfani kawai ya saya, ba zai iya sayarwa ko ya ba da aro yadda ya ga dama ba. A 2024 jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ta tilasta wa shaguna su bayyana wa masu saye wannan gaskiya.

Lissafin mai saye a Nijeriya

Da yake ana shigo da waɗannan wasanni ne daga waje, farashinsu yana bin dala. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, ana canza dala a hukumance a kan kimanin Naira 460, watau wasan dala 70 ya tashi a kan Naira 32,200. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, wasan ya koma Naira 105,000 ke nan, ninki ɗaya da rabi na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar. Wanda zai sauko da wasan ta intanet kuma yana da ƙarin kuɗin data, domin Hogwarts Legacy kaɗai yana buƙatar gurbin gigabayit 85 a kwamfuta.

A irin wannan hali, hanyar da ta fi dacewa ita ce haƙuri. Wasan bidiyo kaya ne da farashinsa ke faɗuwa da sauri, kuma ba ya lalacewa don an jira. Wanda ya dakata na 'yan watanni zai karanta sharhin waɗanda suka buga shi, ya ga hotunansa na gaske, ya same shi bayan an gyara kurakuransa, sau da yawa kuma a kan rahusa. Faifai ya fi sayen intanet amfani ga mai ƙaramin ƙarfi, saboda ana iya sayar da shi ko a yi musaya a kasuwanni irin su Alaba da Computer Village a Legas. Ga mai amfani da kwamfuta, shagon Steam yana mayar da kuɗi cikin kwana 14 idan ba a buga wasan ya kai awa biyu ba. Iyaye kuma su dubi alamar shekaru da ke jikin kwali, domin ba kowane wasa ne ya dace da yaran da suka kalli fim ɗinsa ba. A Amurka an keɓe Shadow of Mordor ga 'yan shekara 17 zuwa sama saboda zubar da jini, Hogwarts Legacy kuwa ga 'yan shekara 13 zuwa sama.

Masu gidajen wasa, waɗanda ke sayen wasa a matsayin jari, lissafinsu ya sha bamban. Yawancin wasannin almara mutum ɗaya ke bugawa, na tsawon awoyi masu yawa, kuma idan ya kai ƙarshen labari ba lallai ya koma ba. Wasan ƙwallon ƙafa kuwa mutum biyu ke karawa cikin 'yan mintoci, wasu biyu su karɓa, don haka ya fi saurin mai da uwar kuɗi.

Daga ƙarshe, wasan da aka gina a kan fim na almara ya cancanci saye idan kamfanin da ya haɗa shi sananne ne wajen aiki mai kyau, an ba shi isasshen lokaci, kuma waɗanda suka riga suka buga shi sun gamsu. Wanda ya fito mako ɗaya da fim, babu abin da ake tallarsa da shi sai hoton jarumi a jikin kwali, gara a bar shi ya yi 'yan watanni a kan kanta tukuna.