Idan Totur Ya Maƙale: Yadda Ake Tsayar da Mota Mai Fetur da Lantarki

A watan Agusta na 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, wani ɗan sandan hanya, gwanin tuƙi, ya rasu tare da mutum uku na danginsa, sa'ad da tabarmar ƙafa ta danne totur ɗin motar Lexus da aka ara masa. Bayan wannan musiba kamfanin Toyota, mai ƙera Lexus, ya janye miliyoyin motoci domin gyara, har da Prius mai aiki da fetur da lantarki; kuma da masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka kammala bincike a 2011, ba su sami aibu ga na'urorin lantarki ba, sai aka jingina illar ga tabarma, da maƙalewar totur, da kuskuren ƙafar direba.

Tun da yake irin waɗannan motoci suna iso mana na hannu, ba makulli sai maɓalli, giyarsu kuma wani ƙaramin sanda ne mai komawa mazauninsa da an sake shi, wajibi ne direba ya san tartibin kuɓuta tun kafin ranar buƙata, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da fari, ya tabbata birki ƙafarsa take takawa, sa'an nan ya danne shi da iyakar ƙarfinsa, dannawa guda, ba yana ɗagawa yana mayarwa ba, gama birkin da aka yi ta lallaɓawa zafi yake ɗauka har ya raunana. Na biyu, ya tura giya zuwa harafin N, wato firi, ya riƙe ta can ɗan lokaci har ta shiga, wanda hakan ke raba ƙafafun mota da ƙarfin inji. In haka ta faskara, ya danne maɓallin kunnawa ba saki kimanin daƙiƙa 3 har motar ta mutu, yana sane cewa sitiyari zai yi nauyi, ya lallaɓa zuwa gefen hanya.

Malamai sun lissafa kiyaye rai cikin manyan manufofin shari'a, tawakkali kuwa bai kore riƙon sababi ba. Saboda haka, ya kai direba, kada ka ɗora tabarma bisa tabarma, ka ɗaure wadda ke akwai ga maƙalanta, ka karanta littafin motarka, kuma ka gwada sa ta firi a fili marar jama'a har hannunka ya saba. Allah Ya tsare mu.