Shirin Musamman: Wane Aiki Za Ka Ba Faifai Na Biyu?

 Yau maganarmu da masu ɗaukar bidiyon biki ce, da masu shagon buga takardu, da malaman da ke ajiye sakamakon ɗalibai a kwamfuta. Faifan ajiyarka ya cika, ka lallaɓa ka sayo na biyu. Mai gyara zai tambaye ka: a haɗe su su zama babban faifai guda, ko na biyun ya riƙa kwafar na farko? Shawarata, kada kwaɗayin wuri ya ja ka.

Wannan haɗa faifai shi ake kira RAID, sunan da masana uku na jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka yaɗa a wata maƙala ta 1988. A tsarin RAID 0, kowane fayil ana yanka shi gunduwa-gunduwa a rarraba wa faifan biyu. Faifai biyu masu terabait 2 sun ba ka terabait 4, ga sauri. To amma ranar da ɗaya ya mutu, ba rabin aikin ka rasa ba. Duka ya tafi, duka, domin babu fayil ɗaya da ya saura cikakke. A RAID 1 kuwa, abin da aka rubuta a wannan shi ake rubutawa a wancan. Wurinka bai ƙaru ba, amma in ɗaya ya tsaya, shago bai tsaya ba.

Wani zai ce ai asara ce, ka biya kuɗin faifai biyu ka mori ɗaya. Gaskiya ne kuɗi ya yi wuya. Sai dai faifai ana sake saye, ɗaurin aure kuwa ba a sake ɗaura shi domin mai kyamara. Wani kuma zai kawo RAID 5: faifai uku, ka mori biyu, ɗaya ya mutu ba ka rasa komai ba. A takarda haka yake. Amma in ka sa sabon faifai, sai na'urar ta karance sauran kaf kafin ta cike gurbin, aikin awanni masu yawa, a wurin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu. Faifan da aka sayo rana ɗaya kuma tare suke tsufa. In na biyu ya faɗi a tsakiyar wannan aiki, shi ke nan.

Ko RAID 1 ɗin ma ina da ja a kansa, kuma ku saurari dalili. A 1998, kamfanin Pixar na Amurka yana tsakiyar haɗa fim ɗin Toy Story 2, sai wani ya ba kwamfuta umarnin gogewa bisa kuskure. Ma'aikata na kallo, hular jarumin fim ɗin, Woody, ta ɓace, takalmansa suka bi, can sai shi kansa. Kafin a zare wayar wuta, kusan kashi 90 cikin 100 ya tafi. Aka juya ga kwafin ajiya, ashe ya daɗe ba ya aiki daidai, ba wanda ya duba. Me ya cece su? Wata ma'aikaciya, Galyn Susman, ta haihu, tana aiki daga gida, don haka akwai kwafin fim ɗin a kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar nan da barguna, aka sa ta a mota, aka kawo ta ofis a hankali. Fim ɗin ya fito a 1999.

Ku lura, da RAID 1 suka dogara da shi da bai tsinana musu komai ba, domin abin da ka goge a faifai ɗaya nan take yake gogewa a ɗayan. Haka bairos, haka tsawar damina in ta biyo waya, haka ɓarawo in ya ɗauke kwamfutar ɗungurungum. Manomi ya sani, rumbu biyu a gida ɗaya gobara ɗaya ke cinye su. Saboda haka in kuɗinka na faifai ɗaya ne kacal, kada ma ka haɗa shi da komai. Ka kwafe aikinka a kai, ka zare shi, ka kai shi wani gida. In hali ya samu, sannan ka yi RAID 1 a shago.

Ajiya a intanet fa? Tana da kyau ga takardu, amma bidiyo zai cinye maka data. Lokaci ya ƙure mana. Kafin Juma'a mai zuwa, don Allah ka jona wancan kwafin, ka buɗe fayil ɗaya ka tabbatar yana buɗuwa.