YARON DA BA YA GANIN ALLO

Yau maganarmu a kan ido ce. Ba yanar ido ta tsofaffi muke nufi ba, ba kuwa dundumi ba. Wata larura ce da ta fi kama 'yan makaranta, ana ce da ita gajeren gani. Mai ita yakan zura zare a kafar allura sarai, amma in ya tsaya bakin titin Samaru, ba ya iya karanta rubutun motar da ta taso daga Sabon Gari sai ta zo gabansa.

Ga yadda abin yake. Ƙwayar ido tana girma tare da yaro. In ta zarce ta yi tsawo, ko da da milimita ɗaya ne, sai hoton abin da ke nesa ya kasa sauka daidai kan bangon ido na ciki, ya zo dishi-dishi. Ƙwayar da ta yi tsawo kuwa ba ta komawa.

Akwai gado a ciki. In uwa da uba duk suna da shi, a sa wa ɗansu ido. Amma ba gado kaɗai ba ne. A biranen Sin da Koriya ta Kudu da Singafo, cikin yara goma da ke gama sakandare, takwas ko tara suna da shi, kakanninsu kuwa ba haka suke ba. Jinin bai sake ba, zaman ne ya sake.

Cikin 2008 likitoci suka fitar da sakamakon gwajin da aka yi wa yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 da 7 a birane biyu. A Sidni ta Ostareliya, 3 cikin 100 ke da gajeren gani. A Singafo, 29. Abin mamaki, na Sidni sun fi karanta littattafai. Sai dai su suna yin kamar awa 14 a waje kowane mako, na Singafo kuwa awa 3. A birnin Guangzhou kuma aka ƙara wa waɗansu makarantu minti 40 na wasa a fili kullum. Bayan shekara 3, a sakamakon da aka fitar cikin 2015, yara 30 cikin 100 suka kamu, a sauran makarantun kuwa kusan 40.

Watau haske ne magani. Ko inuwar darbejiya ta fi cikin ɗaki haske nesa ba kusa ba.

To, mu nan rana ba ta yi mana rowa ba. Amma ku dubi yaron birni yanzu. Daga boko sai Islamiyya, daga Islamiyya sai ɗaki, ya kifa kai kan wayar uwarsa har barci ya ɗauke shi. Ba mu ce a rage karatu ba, ko kusa. A bar shi dai ya sami awa biyu a waje kullum, kamar yadda ƙasar Taiwan ta tsara wa makarantunta tun 2010. Tsakar gida ma waje ce, kada a manta da 'yan mata. In yana karatu, littafi ya yi nisan kusan kamu guda da ido, bayan kowane rabin awa kuma ya ɗaga kai ya hangi nesa.

In kun ga yaro yana tsuke ido, ko yana leƙen littafin na kusa da shi maimakon allo, kada a doke shi, kada a ce daƙiƙi ne. Ku kawo shi ɗakin magani a gwada shi da haruffan bango. In akwai larura, a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, a auna masa tabarau. Tabarau ba ya kashe ido, kamar yadda ake faɗi. Amma na kasuwa, irin wanda tsofaffi ke karatu da shi, ba nasa ba ne. Kwalli kuma ba ya gyara wannan.

A riƙa sake awo shekara-shekara, don ido na ci gaba da tsawo muddin yaro na girma. Mai gajeren gani mai tsanani kuwa, in ya fara ganin walƙiya, ko wani duhu kamar an sako labule daga gefe, ya tafi asibitin ido ran nan, kada ya kwana.