Ƙwallon Jami'o'in Amurka: Dabara Ko Ɓata Lokaci?

A ƙwallon zari-ruga irin na Amurka, ƙungiyar da ke kai hari tana da dama 4 ta ci yadi 10. Kafin a saki ƙwallo, sau da yawa za ka ga ɗan wasa ɗaya ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan. Wannan motsi shi ne ake ta cece-kuce a kansa a jami'o'i.

Masu goyon baya sun ce leƙen asiri ne: idan mai tsaro ya bi shi, an gane gadin mutum-da-mutum ake yi, idan bai bi ba, yanki yake tsaro. Suna kafa hujja da Clark Shaughnessy, wanda da wannan salo ya kai Jami'ar Stanford ga lashe wasanninta 10 a kakar 1940, bayan ta ci 1 kacal a 1939. Haka kuma Boise State ta doke Oklahoma 43 da 42 a Janairun 2007 ta hanyar wasannin yaudara.

Sai dai masu adawa na cewa ɗalibi ba ƙwararre ba ne. Doka ta yarda mutum ɗaya ne kawai zai kasance cikin motsi yayin sakin ƙwallo, kuma ban da nufar gaba. Wanda ya kuskure, a mai da ƙungiyarsa baya yadi 5. Marigayi Mike Leach ya yi suna da 'yan dabaru kaɗan da yaransa ke maimaitawa har su haddace.

Abin lura shi ne, koci ne ke zana dabara, amma ɗalibi ne zai aiwatar. In ta ruɗa nasa kafin abokan karawa, kujerar kocin ce ke rawa.