Malick Sidibé, Idon Bamako

A shekarun 1960, casun samarin Bamako ba ya armashi sai Malick Sidibé ya iso da kyamararsa. Cikin dare ɗaya yakan leƙa wurare da dama, kafin gari ya waye ya wanke hotunan, ya manna su a jikin kwali, kowanne da lambarsa. Da hantsi samari da 'yan mata su cika shagonsa na unguwar Bagadadji, kowa ya nuna wanda za a buga masa.

Bafulatani ne ɗan ƙauyen Soloba a kudancin Mali, kuma da kiwo ya buɗe ido. Iya zane ne ya kai shi makarantar sana'o'in hannu ta Bamako a 1952. A 1955 wani Bafaranshe mai hoto, Gérard Guillat, ya ɗauke shi ya ƙawata masa shago, daga nan ya zama yaron shagon. Maigida na ɗaukar bukukuwan Turawa, yaro kuwa ya bi na 'yan ƙasa.

Nan ne ya yi zarra. Masu hoton zamanin sun saba zaunar da mutum a shago ya daskare kamar gunki. Shi kuwa Malick ya bi matasa har filin rawa da bakin kogin Neja, daidai lokacin da Mali ta samu 'yancin kai a 1960. Dubi fitaccen hotonsa na 1963 mai suna "Daren Kirsimeti": saurayi cikin kwat, budurwa ba takalmi, goshinsu na neman haɗuwa, kowa idonsa a ƙasa yana lura da takunsa. Babu wanda ya kula da kyamara. A ganina, irin wannan hoto ba ya ɗaukuwa sai a hannun wanda jama'a suka ɗauka nasu ne.

Da injinan wanke hoto mai kala suka shigo, kasuwa ta ja baya, ya ƙara da gyaran kyamara. Sai dai bai zubar da fim ɗinsa ba. Ya adana su dubbai cikin kwalaye. Su ne suka fito da shi idon duniya bayan taron masu hoto na Bamako a 1994, har aka baje aikinsa a gidauniyar Cartier ta Faris a 1995. Ya samu kyautar Hasselblad a 2003, sannan a 2007 baje kolin fasaha na birnin Venice ya ba shi lambar Zakin Zinariya ta aikin tsawon rayuwa, wadda ba a taɓa bai wa wani mai hoto ba kafinsa. Ya rasu a Bamako ranar 14 ga Afrilu, 2016.