Ko Ka San Injin Dizal Ya Taɓa Shan Man Gyaɗa?

A watan Oktoban 2024, da aka lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki babu lantarki. Teloli da masu walda a Ƙofar Marke, kamar sauran unguwannin Sakkwato, kowa ya koma lissafin mai: fetur, dizal ko iskar gas? Fetur ya yi tsada tun cire tallafi a 2023, kuma in ya yi watanni a jarka lalacewa yake yi. Shi ya sa wasu ke sauya kafiretar janaretansu ya koma shan gas ɗin girki.

To amma ni injin dizal ne ke burge ni. A baje kolin birnin Faris na 1900 an tayar da shi da man gyaɗa zalla! Gwamnatin Faransa ce ta nemi a gwada, don ƙasashen Afirka da take mulka suna noma gyaɗa jingim. Injin ya yi aiki lafiya lau, har yawancin 'yan kallo ba su lura ba. Rudolf Diesel, Bajamushen da ya ƙirƙiro shi, ya ci gaba da yabon man tsirrai har zuwa 1912.

Sirrin shi ne injin dizal ba shi da fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi jau, yadda famfon keke ke ɗumi a hannu, sai a fesa mai ya kama da kansa. Don haka bai cika zaɓen abinci ba. Duk sanda na tsaya wurin mai injin niƙa na dizal, bel na kaɗawa, gari na zuba a ƙwarya, nakan tuna dalar gyaɗar Kano. Ashe makamashi muka tara tsibi-tsibi!

Sai dai kada ka juye man matsar ƙuli-ƙuli a injinka. Yana da kauri, yana toshe nozul ɗin injinan zamani, ga daskarewa da hunturu. Sai an sarrafa shi tukuna.

Kowane mai ka zaɓa, janareta a waje yake kwana, nesa da taga. Kaskon gawayin jin ɗumi ma a fitar da shi kafin a rufe ƙofa. Gubar da ke cikin hayaƙinsu ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci.